Faratan Jita da Idon Mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin ina tuzuru a wani ɗan flat a unguwar Woolwich da ke London, ina da farata a hannun dama waɗanda ko amarya ba ta lallaɓa nata yadda nake lallaɓa su. Ina shafa musu mai, ina goge bakinsu da 'yar takarda mai laushi, ƙofa ma da hagu nake buɗe ta. In na shiga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na tarar da cunkoso, sai in cusa hannun a aljihu har in sauka. Abokan aikina a ofishin ƙaramar hukuma sun gaji sun daina tambaya. 'Yan masallacinmu kuwa ba su taɓa tambaya ba, kallo kawai suke yi idan mun gaisa.

Dalilin faratan shi ne jita. Akwai wani kiɗa na mutanen kudancin Sifaniya, ƙasar da littattafanmu ke kira Andalus, ana ce masa flamenco. Ba a kaɗa shi da tsinke ko da roba, da farce ake kaɗa shi. Farcen ne ke ba shi kaifi da ƙara, shi ke sa a ji kamar ana watsa tsakuwa a kan kwano. Mai wannan kiɗa in ya rasa farce ɗaya, ya rasa abin aikinsa sai ya sake tsirowa, farce kuwa ba ya sauri don wani yana gaggawa.

Malamina wani tsoho ne ɗan can, gajere, mai faɗan tsiya. Ɗan maƙeri ne daga wani ƙauye, ya fara riƙe jita tun bai kai tsayin maƙerar ubansa ba. Yana saurayi ya biyo wata ƙungiyar 'yan rawa zuwa London, ƙungiyar ta watse, kowa ya kama gabansa, shi ya tsaya. Ya yi shekaru yana kiɗa a gidajen abinci, mutane na cin kifi suna hira ba wanda ke sauraronsa. Daga baya ya koma yi wa 'yan rawa kiɗa, ya fara tsara nasa, gidajen rediyo suka riƙa kiransa, ya zaga ƙasashe da jitarsa. Lokacin da na same shi tafiye-tafiye sun ƙare, yana zaune a wani ɗaki a saman shago kusa da Old Kent Road yana koyarwa, yana kuma zagin ɗalibai da yaren ƙasarsu. Na shiga wurinsa ne da niyyar in yi wata uku in kashe kaɗaici. Sai ga shi na kusa shekara bakwai.

Ba yabon kai ba, na iya. Shi kansa tsohon, da bakinsa da ba ya yabon kowa, ya taɓa ce mini hannuna ba ya ƙarya wajen riƙe lokaci, ko da gini zai faɗo ba na gaba ba na baya. Ya ce bai san me muke ci a ƙasarmu ba. Na ce masa tuwo ne da miyar kuka, ya ce in kawo masa ya raba wa sauran ɗaliban.

A shekarar da nake ba ku labari, ciwon gaɓɓai ya kama masa hannun hagu sosai. Ya yanke shawarar zai yi wasansa na ƙarshe a wani ƙaramin zaure a Marylebone, ranar wata Lahadi da yamma, daga nan ya rataye jita. Ya tsara sabbin kiɗe-kiɗe na jita biyu domin wannan rana, kuma a cikin duk ɗalibansa, har da 'yan ƙasarsu, ni ya zaɓa in zauna a gefensa. Ranar da ya faɗa mini, a ƙasa na taka har gida don bas ya yi mini kaɗan. Wata da watanni muna gwaji, na haddace komai har ina iya kaɗawa ina kallon taga.

Ana saura kamar mako uku, mahaifiyata ta iso daga Kano. Yanar ido ce ta rufe mata gani, na daɗe ina roƙonta ta zo a yi mata aiki, sai a lokacin ta yarda, asibitin kuma suka ba mu rana. Hajiya ta san ina kiɗa. Ba ta so, amma ta haƙura tun da ta tabbatar ina da aikin ofis kuma ba a bukukuwa nake bin mutane ba. Garayar Turawa take kiran jitar. Abin da ba ta sani ba shi ne faratan, domin a waya fuska kawai ake gani, da ta zo kuma idon ba ya rarrabe komai sai inuwa. In za mu fita gwiwar hannuna take kamawa. Ni kuma, gaskiya, ko a raina ban kawo cewa akwai abin da za a tattauna a kai ba.

Aka yi aiki a idon dama lafiya lau. Washegari muka koma aka cire bandeji, likita ya ba mu 'yan kwalaben magani, ya ce a riƙa ɗiga mata sau da yawa a rana har tsawon makonni, kada a yi wasa da shi in ana son idon ya warke ba tare da ya kama ciwo ba. Hannun Hajiya yana rawa, ba za ta iya ɗiga wa kanta ba. Ni kaɗai ne a gidan, don haka aikin nawa ne. A hanya tana ta murna, tana karanta lambobin bas, tana cewa ashe Turawan nan ma akwai munana a cikinsu.

Muna isa gida na wanke hannu, na zaunar da ita a kujera, na ɗauko kwalba, na kawo hannu kusa da fuskarta. Sai ta kama wuyan hannuna ta riƙe. Ta juya shi, ta kai shi wajen haske, ta daɗe tana dubawa da sabon idonta.

"Mene ne wannan?"

Na ce farata ne, Hajiya, na kiɗa ne.

"Da wannan hannun kake cin abinci? Da shi kake gaisawa da mutane a masallaci?"

Na zauna na yi mata bayani tiryan-tiryan. Na ba ta labarin tsohon, da wasansa na ƙarshe, da yadda ya tsallake kowa ya zaɓe ni. Na ce mako uku kawai nake roƙo, ana gamawa zan yanke su a gabanta. Ta saurare ni har ƙarshe, ba ta katse ni ba. Sannan ta ce ta ji, ita ba ta hana ni komai ba, ni babban mutum ne, amma wannan ƙumbar ba za ta zo kusa da idon da aka yanka jiya ba.

Na ce to ba matsala, ai ina da wani hannun. Na mayar da kwalbar hagu. Irin kallon da ta yi mini, har yau in na tuna sai in gyara zama.

"Ni za ka ba magani da hagu?"

Nan fa na tsaya da kwalba a hannu. Dama akwai farata, hagu kuma hagu ce. Ko da ma ta yarda da hagun, ɗiga magani a ido hannu biyu yake so, ɗaya ya ja fatar ido ɗaya ya matsa kwalba, ko ta ina sai faratan sun matso. Na gwada sa safar hannu ta roba, ta ce ba ta ga abin da ya canja ba, ƙumba ce dai a cikin jaka. Na kira matar wani abokina ta zo ta ɗiga mata na rana, amma matar tana da aiki da yara, ba za ta riƙa zarya sau huɗu sau biyar kullum ba. Na la'asar ya wuce ba a ɗiga ba. Hajiya tana zaune tana jan carbi, idon ya fara ja.

Mutane suna tsammanin na daɗe ina kokawa da zuciyata. Ban daɗe ba. Na ji zafi, ba zan ɓoye ba, lokacin da na ɗauko abin yankan farce. Amma lissafin ba mai wuya ba ne. Idon uwata ne a gefe guda. Na yanke su ɗaya bayan ɗaya, na babban yatsa ne ƙarshe, shi ne na fi shekaru ina gyara wa baki. Na tattara zan zuba a shara, Hajiya ta ce a'a, farce binne shi ake yi. A hawa na uku muke, ba ƙasa ba yashi. A tukunyar fulawar da ke bakin taga na yi musu jana'iza. Na sake wanke hannu, ta ɗaga kai da kanta, na ɗiga mata magani, ta ce Allah ya yi albarka.

Kafin in fuskanci tsohon, na gwada dabara. Na san makaɗa suna liƙa farcen roba in nasu ya karye. Akwai wata 'yar Ghana, Musulma 'yar zango, wato unguwar masu jin Hausa a can, mai shagon gyaran farce a kasuwar Woolwich, muna gaisawa da ita da Hausa. Na je na shimfiɗa mata hannu na faɗi abin da nake so. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ɗan'uwa, in na sa maka wannan abu, ruwa ba zai shiga ba, alwala naka ya tafi kenan. Ko za ka zo in cire maka sau biyar kullum? Kuma mama naka ya ce ka yanke, kai ka zo ka sayi na roba?"

Ta yi gaskiya ta kowane gefe. Sabon farce sai an yi kwanaki ana gwaji da shi kafin hannu ya saba, ba abin liƙawa ba ne a ranar wasa. Ba zan yi mako uku ina sallah da alwalar da nake shakka ba, kuma maganin ido bai ƙare ba. Na yi mata godiya na fito da hannuna yadda na shiga da shi.

Da na je wurin malamina ban yi dogon bayani ba, na ɗora hannun a kan tebur. Ya dube shi. Ya kama shi ya juya kamar yadda Hajiya ta yi, sai dai shi abin da babu yake nema. Ya faɗi wasu kalmomi da yarensu waɗanda bai taɓa koya mini ba. Na ba shi labarin ido da magani da hannun hagu, ya ce bai gane zancen hagu ba, kuma ba ya son ya gane. Ya ce shekara bakwai yana gina wannan hannun, na rushe shi da yamma ɗaya. Na ce masa haka ne, kuma in aka sake maimaita ranar, haka zan sake yi. Ban ba shi haƙuri a kan yankewar ba, na ba shi haƙuri a kan wahalar da na jawo masa. Ya nuna mini ƙofa. A daren ranar ya kira wani ɗalibinsa, ɗan ƙasarsu, ya ba shi kujerata.

Na yi kwanaki ban taɓa jita ba. Ina zuwa aiki, ina dawowa da rana a guje in ɗiga magani, in koma. Idon Hajiya ya washe, ta fara gano ƙura a wuraren da ni ban san akwai su ba a gidan.

Akwai wani aiki da na saba yi wa tsohon tun da hannunsa ya fara ciwo: ni nake canja masa tsarkiyar jita, domin murɗa kunnuwan yana ba shi wahala. Na san kafin wasa dole a sa sababbi su zauna. Korar da ya yi mini ta kiɗa ce, ban ga ta shafi wannan ba. Ranar Asabar na je na ƙwanƙwasa. Ya buɗe, ya dube ni, ya juya ya shige kicin ya bar ƙofar a buɗe, ni kuma na ɗauki hakan a matsayin izini.

Na sa tsarkiya, na daidaita. Mai daidaita jita dole ya ɗan taɓa ya ji, sai na kaɗa wani yanki na sabon kiɗansa, mai tafiya a hankali, da naman babban yatsa tunda shi ke gare ni. Sautin ya fito a dushe, mai kauri, ba kaifi ko kaɗan. Ni kaina bai yi mini daɗi ba. Na ajiye jitar zan tashi, sai na ji muryarsa daga kicin.

"Wa ya ce ka tsaya?"

Na sake. Ya fito da kofi a hannu ya tsaya a kaina, ya sa na maimaita har na rasa adadi. Can ya zauna ya ce mini a ƙauyensu, abokan ubansa da ke kiɗa bayan an tashi daga aiki, ba mai farce a cikinsu. Maƙera ne da manoma, guduma da ƙasa sun cinye musu farata, da babban yatsa suke dukan tsarkiya. Ya ce rabonsa da jin wannan sautin tun kafin ya bar gida, ya manta ma da shi ya fara. Bai ce ya yafe mini ba. Ya ce in miƙo masa fensir.

Kada ku ɗauka komai ya dawo. Sauran kiɗe-kiɗen masu gudu suna buƙatar farce, ɗan ƙasarsu ya riƙe su, kuma ya kaɗa su da kyau. Guda ɗaya tsohon ya ware, ya zauna ya warware rabona gaba ɗaya ya sake ɗinka shi domin hannun da ba farce. Ya cire duk watsin yatsu, ya mayar da ni ƙasa, kan tsarkiyoyi masu kauri, shi yana yawo a sama. Kullum in na je sai ya canja wani abu, yana yi yana mita cewa a tsufansa an sa shi aikin tela. Babban yatsana ya yi bororo, ya fashe, ya fara kanta. Da wannan yatsan nake zuwa gida in ja fatar idon Hajiya, tana cewa hannuna ya yi kaushi kamar na mai faskare.

Ranar wasa na ce mata ta zo. Na zaci za ta ƙi, sai ta ce ai ba don zaman ɗaki aka buɗe mata ido ba. Ta sha lafaya da baƙin gilashin asibiti, ta zauna a layin gaba da jakarta a cinya. Zauren ya cika da tsofaffin 'yan rawa da ɗalibai da mutanen da suka san shi tun zamanin gidajen abinci. Kiɗanmu ne na ƙarshe. Na fito na zauna a gefensa, ban ji tsoro ba, domin rabon nawa ne, an yanka shi daidai hannuna. Muka fara. Na riƙe masa ƙasa daram, shi kuma ya yi abin da ya shekara sittin yana yi, da yatsun da ke masa ciwo. Da muka tsaya, zauren ya ɗauki tafi. Na saci kallon Hajiya, ba ta tafa ba, amma ta cire gilashin.

Bayan an tashi na kai ta su gaisa. Ya miƙo hannu, ba ta karɓa ba, ta dai rusuna kaɗan ta dafa ƙirji. Sai idonta ya sauka a kan hannun nasa na dama, da faratansa dogaye masu kauri, sun yi ruwan ɗorawa don tsufa. Ta juyo gare ni.

"Tambaye shi, shi ba shi da uwa ne?"

Na ce Hajiya, a bar wannan. Tsohon ya ga bakinmu yana motsi, ya ce lallai sai na fassara. Na fassara. Ya tuntsire da dariya, sannan dariyar ta tsaya. Ya dubi hannun nasa ya ce yana da uwa. Ya ce a ciwonta na ƙarshe ya koma ƙauye ya duba ta, ta roƙe shi ya shafa mata mai a ƙafafu don suna mata zogi. Fatarta ta yi laushi, farcensa ya karce ta har jini ya fito. Yayarsa ta ce ko ya yanke ko ya bar mata aikin. Yana da wasa a wata ƙasa mako mai zuwa.

"Na bar mata aikin," in ji shi. "Ina can aka binne ta."

Na juya wa Hajiya maganar da Hausa. Ta dube shi. Sannan ta ce:

"Gaya masa uwa ba ta riƙe irin wannan. Tun kafin ya kai bakin ƙofa ta yafe masa. Ni uwa ce, na sani."

Na gaya masa. Tsohon da ya shekara bakwai yana zagina ya zauna a kan akwatin jitarsa ya rufe fuska da hannu biyu. Hajiya ta gyara lafayarta ta ce in nemo mana mota, lokacin magani ya yi.

Bai sake hawa dandali ba, kamar yadda ya faɗa. Ya ƙara 'yan shekaru yana koyarwa kafin ya rasu, ni nake canja masa tsarkiya har ƙarshe. Wancan kiɗan yana nan, ɗalibansa suna kaɗa shi, kuma masu farce sai sun karkata babban yatsa sun ɓoye farcen kafin ya fito daidai. In na ga suna fama ina jin daɗi, ba zan yi muku ƙarya ba.

Har yau mutane suna ce mini na yi sa'a abin ya zo da kyau. Ni ba haka nake kallonsa ba. Lokacin da na yanke faratan ban san za a ba ni ko kiɗa ɗaya ba, na yanke ne a kan na rasa duka, kuma da na rasa ɗin ma ba zan ce na yi kuskure ba. Na ga mutumin da ya zaɓi ɗaya hanyar, ya yi suna, ya zaga duniya, ya fi ni iya jita nesa ba kusa ba, na kuma ga abin da yake ɗauke da shi har tsufa.

Bayan Hajiya ta koma Kano na sake tara faratana, don ni makaɗi ne kuma ban daina ba. Shekara ta zagayo aka ba mu ranar aikin ɗaya idon. Ban jira ta gani ba, ban jira ta tambaya ba. Da safen ranar da jirginta zai sauka na yanke su tas, sannan na tafi tarbarta.